Filin Tambaya da Amsa: Talabijin da Talla a Wayar Hannu

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan yawancinsu sun karkata ne ga yadda kallo ya baro falo ya shige wayar hannu, da yadda masu talla suka bi sawunsa. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma ina cikin waɗanda suka ga lokacin da yaran unguwa suke cika tsakar gidan mai talabijin bayan sallar isha'i. Yau akwatin yana rataye a falona, amma sai a kwana a wuni ba a kunna shi ba, 'ya'ya da jikoki kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Shin zamanin talabijin ya wuce ke nan?
Daga wani dattijo, Yakasai.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Akwatin da ke rataye a falo shi ne kasuwarsa ta ja baya, amma shirye-shiryen da ake yi dominsa suna nan, har ma sun ninka, kuma da za ka leƙa wayoyin jikokin nan naka, da ka tarar galibin abin da suka duƙufa a kai wasan kwaikwayo ne da labarai da ƙwallo da wa'azi, wato abubuwan da kuka riƙa taruwa dominsu a da.

Talabijin ya shigo Najeriya ne a 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV a Ibadan, sannan gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA. Mu a Kano wadda ba za a manta da ita ba ita ce CTV 67, wadda gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, ake kuma kiranta ARTV a yau don tunawa da shi. A wancan zamani tasha takan buɗe da yamma ta rufe wajen tsakar dare da taken ƙasa, kuma wanda shiri ya wuce shi sai dai ya ji labari a bakin abokai washegari. Dokar 1992 da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar tashoshi, har aka kai ga irin su Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shiryen Hausa dare da rana a 2014.

Ita kuwa waya, kafin 2001 layukan NITEL a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, zuwa Agusta MTN da Econet suka fara aiki, ana kiran minti ɗaya a kan naira 50. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Farkon shigar talabijin aljihun talaka shi ne wayoyin nan 'yan China masu eriya, waɗanda ake zaro musu siririn ƙarfe a ɗaga sama, a yi ta juyawa har hoton NTA ya fito dishi-dishi, kuma ba su cin ko sisin data, domin daga iska suke kamo tashar. Daga nan aka shiga zamanin memori, inda mutum zai miƙa wayarsa ga masu tura fina-finai a Farm Centre ko titin Beirut ko shagon bakin layi, a cika masa ita da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokai ta Bluetooth, daga baya ta Xender. Da intanet mai saurin 4G ya fara bazuwa daga 2016, wayoyin Tecno da Itel da Infinix kuma suka wadata a kasuwa, sai kallo kai tsaye ya zama ruwan dare. Lokacin da MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Kano tana cikin biranen farko.

A ganina babban abin da ya kayar da akwati a gidajenmu shi ne wuta. Akwati sai da wutar NEPA ko janareta ko sola, waya kuwa ana kai ta wurin mai caji da safe ta wuni tana aiki. Sai kuma jinkirin sauya tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital: wa'adin duniya na 2015 ya wuce ba mu kimtsa ba, aka fara gwaji a Jos a 2016, bai iso Kano ba sai 2021, kuma kafin dikodar ta shiga gidaje matasa sun riga sun saba da kallon abin da suke so a lokacin da suka ga dama.

Akwai wani sauyi da ba a cika lura da shi ba, wanda kuma shi ne tushen sauran tambayoyin da ke ƙasa. A zamaninku gwamnati da kamfanin sabulu ko na madara su ne suke ɗaukar nauyin tasha, ku kuma ku yi kallo kyauta. Tallan da ka gani shi maƙwabcinka ya gani, kuma kafin ya fito sai wani ma'aikaci ya duba shi. A waya mai kallo ne yake sayen data da guminsa, da ita yake kallon shirin, da ita kuma yake kallon tallan da aka cusa masa, sannan tallan da ya zo wa babban jikanka ba lallai ne shi ya zo wa ƙaninsa ba, ko da a kan tabarma ɗaya suke zaune.

Duk da haka akwatin yana da ranarsa, domin gidajen kallon ƙwallo suna cika duk ƙarshen mako, kuma har yanzu ana taruwa a gabansa don tafsirin azumi da hawan sallah da sakamakon zaɓe. Idan naka na zamani ne mai kama intanet, ka sa ɗaya daga cikin yaran ya haɗa shi da wayarsa a riƙa kallon shiri guda tare, ko da sau ɗaya ne a mako, aƙalla za ka san abin da ke ɗauke musu hankali.

TAMBAYA: Ina da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Na daɗe ina ba da talla a rediyo, musamman gab da azumi da sallah, amma yaran shagona sun matsa mini in koma Facebook da TikTok. Yaya tallan waya yake aiki, kuma wanne ya fi?
Daga wani ɗan kasuwa, Fagge.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Bambancin farko yana cikin abin da ake sayar maka. A rediyo lokaci kake saye, daƙiƙa talatin ko minti guda, farashinsa a rubuce, ya fi tsada a gefen labarai ko shirin siyasar dare, kuma duk wanda ya kunna zai ji, da mai niyyar sayen atamfa da wanda ko kuɗin cefane bai haɗa ba. A waya kuwa kai ne kake zaɓar irin mutanen da kake so tallanka ya je wa, misali mata masu shekara 25 zuwa 50 da ke Kano da kewaye, waɗanda aka lura suna yawan tsayawa a kan hotunan ɗinki da kayan biki, kuma za ka iya sa maɓallin da zai kai mai sha'awa kai tsaye cikin WhatsApp ɗin shagonka.

Farashin ba a rubuce yake ba, gwanjo ake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe Facebook ko Instagram ko YouTube, kwamfutocin kamfanin suna yin gwanjon gurbin tallan da ke gabansa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya tsakanin masu neman irinsa, kuma ba kullum wanda ya fi zuba kuɗi ne yake ci ba, domin ana haɗawa da hasashen ko mutumin zai tsaya ya kalla ko zai wuce. Wannan ya sa bidiyon da ya ja hankali yakan isa ga mutane da yawa da kuɗi kaɗan, wanda aka yi shi da ganganci kuwa ya cinye kuɗi a banza. Ana lissafin kuɗin ne a kan kowane gani dubu ɗaya ko a kan kowace latsawa, kai ne kuma kake ƙayyade abin da za a kashe a rana, sannan tun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Gab da sallah masu neman idon mata suna yawa, don haka farashi yakan tashi a nan ma.

Akwai kuma biyan masu tarin mabiya, ko jaruman Kannywood ko 'yan TikTok, su ɗaga kayanka su yaba. Wannan ciniki ne tsakaninka da su, ba shi da ƙa'idar farashi. Kada yawan mabiya ya ruɗe ka, domin ana sayen na bogi. Ka ce a buɗe maka shafin ƙididdigarsu ka gani da idonka, a nan ne ake ganin garuruwan mabiyan da shekarunsu da ko maza ne ko mata. Mai barkwancin da mabiyansa samari ne 'yan shekara goma sha takwas zai tara maka dariya da sharhi, leshinka kuwa yana nan a kan kanta.

Batun wanne ya fi ya danganta da waɗanda suke shigowa shagonka. Idan ƙarfin cinikinka sari ne ga 'yan kasuwar ƙauyuka da garuruwan da ke kewaye, kada ka saki rediyo, domin tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Kano, kuma har gobe tela da direban adaidaita sahu da uwargida a madafa da rediyo suke aiki, tunda kunne kawai take nema, ba ta hana hannu aiki. Masu zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru sabo da amana ne suke kawo su, hoton sabon kaya ta WhatsApp ya ishe su. Idan kuwa turmi ɗai-ɗai kake sayarwa ga masu haɗa lefe da masu fitar da anko, to a waya suke. Ka ware kaso kaɗan daga kuɗin tallanka ka gwada na wata guda, ka ajiye littafi a shago, duk baƙon da ya shigo a tambaye shi a ina ya ji labarinku, a rubuta. Littafin nan ya fi yawan masu danna alamar so gaskiya, domin su ba sa biyan kuɗin hayar shago.

Abubuwan da na fi ganin suna jefa 'yan kasuwa cikin nadama ƙanana ne. A ɗauki hoton atamfa a hasken rana ba tare da ƙara mata launi ba, domin wadda ta ga shuɗi a waya aka kai mata wani abu daban ba za ta yi shiru ba, kuma a ƙarƙashin tallanka za ta faɗa. Kada a saki kaya sai an ga kuɗi a cikin asusu, tunda ana tura alat na bogi. Sannan a buɗe shafin da lambar wayarka da adireshin imel ɗinka, kalmar sirri tana hannunka. Sau da yawa yaron shago ne yake buɗewa da nasa, ran da kuka rabu kuma ya tafi da mabiyan da kuɗinka ya tara.

TAMBAYA: Ranar nan muna hira da ƙanwata a kan kayan ɗakin 'yata da za a aurar. Ban rubuta komai a waya ba, amma da daddare sai ga tallan gadaje da kujeru da kuloli ya cika mini Facebook. Shin wayar tana saurarenmu ne?
Daga wata uwargida, Hotoro.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Wannan zargi ya daɗe, har a gaban majalisar dattawan Amurka an yi wa Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, wannan tambaya a 2018, ya ce ba sa yi. Ba dole ne ki yarda da maganarsa ba, amma abin da aka tabbatar suna tattarawa ya isa ya haifar da abin da kika gani ba tare da an kasa kunne ba. Ki tuna dillaliyar unguwa, wadda ba ta laɓewa a bayan ƙofar kowa, amma ta san gidan da ake shirin biki, domin ta ga an kai ɗinki, ta ga an yi fenti, ta ji wance ta tambayi farashin kula, sai kawai ki gan ta da ƙullin abin da kike nema.

Manhajojin suna lura da abin da kika nema, da bidiyon da kika tsaya a kai da tsawon tsayuwar, da shafukan da kike bi, da unguwar da kike, da mutanen da kike hulɗa da su. Kowace waya tana da wata lambar talla ta musamman da ake tara waɗannan bayanai a ƙarƙashinta, kuma shafukan sayar da kaya da yawa suna sanar da Facebook da Google cewa mai wannan waya ta leƙo. Idan ƙanwarki ko amaryar sun yi ta duba gadaje a nasu wayoyin, kuna abota a Facebook, kuna wuni a gida ɗaya, wani lokaci ma a kan intanet ɗaya, ba wuya kwamfuta ta yi hasashen cewa ke ma maganar ta shafe ki. Sannan ita ma zuciya tana da nata: mai yiwuwa tallan gado ya sha wucewa ta gabanki a baya ba ki kula ba, sai yanzu da abin yake ranki.

Za ki iya rage abin. A cikin saitin waya ki duba jerin manhajojin da aka bai wa izinin makirfo da wurin zama da lambobin mutane, ki cire wa duk wadda ba ta da hurumi. Manhajar tocila ko ta wasan yara ba ta da abin yi da lambobinki, kuma wasu manhajojin ba da bashi da irin wannan izini suke bin dangin mutum da saƙon tozarci. Sababbin wayoyin Android suna nuna ɗigon kore a saman fuskar waya idan ana amfani da makirfo ko kyamara, iPhone kuma ɗigon ruwan lemo ga makirfo. A saitin Google akwai wurin goge lambar tallan nan, kuma a jikin kowane talla na Facebook akwai ɗigo uku da za su gaya miki dalilin da ya sa aka nuna miki shi.

Doka ma ta fara motsi. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, hukuncin da kotun sauraren ƙararrakin gasa ta tabbatar a watan Afrilun 2025.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ni da abokaina muna shirya gajerun wasannin kwaikwayo, mun kuma buɗe tasha a YouTube. Ta yaya ake samun kuɗi? Kuma me ya sa fina-finai masu dogon zango suke cika da talla har mutum ya ƙosa kafin a shiga labari?
Daga wani matashi, titin Gidan Zoo.

AMSA: Ƙanena, tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce. A da furodusa yana buga fim a kaset, daga baya a faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su saya su rarraba, kuɗinsa ya fito daga hannun mai kallo. Satar fasaha da tura fim a memori suka durƙusar da wannan kasuwa, masana'antar ta koma YouTube da tashoshin talabijin, musamman daga 2020 lokacin kullen korona, kuma a can mai talla ne yake biya.

Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Kafin ka kai haka yana iya ɗora talla a kan bidiyonka bai ba ka komai ba. Idan an karɓe ka, kasonka 55 cikin ɗari ne na kuɗin tallan dogon bidiyo, ba a kuma turo kuɗi sai sun kai dala 100. Bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya sa wa talla a tsakiya, kuma daga nan za ka fahimci abin da ya sa ake jan gaisuwa da tafiyar mota a fim har a cika lokaci. Shi ma Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya irin wannan ƙofa a 2024.

Matsalar ita ce ba duk mai kallo ne darajarsa ɗaya a wurin masu talla ba. Abin da kamfani zai biya don tallansa ya isa ga mutum dubu a Ingila ko Amurka ya ninka abin da ake biya a kan mutum dubu a Kano ko Maraɗi sau da yawa, saboda bambancin ƙarfin aljihu. Ga kuma masu turawa: mutum ɗaya zai sauke fim ya tura wa ɗari, YouTube kuma kallo ɗaya ya ƙirga. Don haka fim yana iya tara miliyoyin masu kallo, abin da ya shigo bai biya 'yan wasa da hayar kyamara da man janareta ba. Mafitar da furodusoshi suka samu ita ce su sayar da talla da kansu su ɗinke shi a jikin fim, na mai filaye da mai shagon waya da mai maganin gargajiya, ta yadda duk inda aka tura shi tallan zai bi. Na fahimci uzurinsu, amma ina ganin wasu sun wuce gona da iri, domin mai kallon da ya koyi tsallake mintunan farko ba ya ganin tallan kowa, shi kuma mai tallan ba zai daɗe bai gane ba.

Ku da kuke farawa, ku guji ɗora waƙa ko hoton da ba naku ba, domin YouTube yana da na'urar da ke gano su, kuɗin ya koma ga mai abin, kuma gargaɗi uku na satar fasaha suna iya rufe tasha. Ku kuma san cewa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ce hurumin aikinta ya haɗa da abin da ake sakawa a intanet. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tacewa.

TAMBAYA: Tallan maganin da ke warkar da kowace cuta, da na maganin maza da kalmomin da ba su faɗuwa, da na caca, da na ninka kuɗi, duk suna faɗo wa yaranmu a waya. Babu mai sa ido ne?
Daga wata malamar makaranta, Kurna.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan tarbiyya. A rubuce akwai masu sa ido. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON ta 1988, ita ce ke da alhakin tantance talla kafin a sake shi, kuma dokar ta haɗa da na intanet. Tallan magani yana buƙatar izinin NAFDAC na musamman, wanda ya bambanta da lambar rajistar da ke jikin kwalba. A nan ne ake yaudarar mutane da yawa: lambar da ake fara bai wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa an gwada ba a ga yana cutarwa ba, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a lokaci guda ba.

A aikace kuwa sa idon ya yi rauni. Gidan rediyo ko talabijin yana da adireshi da lasisin da NBC za ta iya dakatarwa, amma mai talla a waya yana iya zama a ko'ina, a rufe shafinsa yau ya buɗe wani gobe, kuma na'urorin da kamfanonin suke tace talla da su ba su ƙware a Hausa ba, balle su gane zaurance da habaici. Adalci ne kuma a faɗa cewa ba waya ce ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, domin masu lasifika a kan mota sun daɗe suna faɗar irin waɗannan kalmomi a bakin kasuwanninmu. Waya ta shigo da su ɗaki ne kawai, inda babba ba ya ji balle ya tsawatar.

Na ninka kuɗi ya fi ɓarna. Shirin ninka kuɗi na MMM ya riƙe kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, irinsa na CBEX ya rushe a watan Afrilun 2025, kuma dukansu ta waya suka yaɗu, daga aboki zuwa aboki. Duk mai karɓar jarin jama'a dole ne ya yi rajista da hukumar kula da hannayen jari ta SEC, kuma takardar rajistar kamfani ta CAC ba ita ce wannan ba. Yanzu ma har ana haɗa bidiyon bogi da ƙirƙirarriyar basira, a sa fuska da muryar sanannen malami ko mai karanta labarai yana tallan abin da bai san da shi ba. Ina kuma ganin jarumi ko mai mabiyan da ya karɓi kuɗi ya yabi abin da bai bincika ba yana da kaso a cikin alhakin waɗanda suka yi asara saboda yarda da shi.

Ga yara ƙanana akwai YouTube Kids, akwai kuma manhajar Family Link da ke bai wa iyaye damar ƙayyade lokaci da manhajojin da za a sauke. Sai dai yawancin yaranmu da wayar uwa suke kallo, don haka a wayar uwar ya kamata a fara kunna saitin taƙaita abubuwan manya, a kuma riƙa kai ƙarar mugun talla ta ɗigo ukun da ke jikinsa maimakon a wuce shi kawai.

TAMBAYA: Datata ba ta kwana biyu, ga saƙonnin talla ba dare ba rana, wani lokaci har a cire mini kuɗi a kan abin da ban nema ba. Ina mafita?
Daga wani direban adaidaita sahu, Rijiyar Zaki.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Tsadar gaskiya ce, domin a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari, amma bidiyo ne yake cinye mafi yawan datar. Kallon awa guda a ingancin 720p yana iya cin giga ɗaya ko fiye, a 360p kuwa kimanin sulusin haka, kuma a kan ƙaramar fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. Ka rage ingancin a saitin YouTube, ka kashe kunna bidiyo da kansa a Facebook, ka kunna tsimin data a TikTok, ka hana WhatsApp sauke duk bidiyon da aka jefo a zaure, sannan ka riƙa duba abin da ya rage da *323#. Saƙonnin talla kuwa, ka rubuta STOP ka tura wa 2442, kyauta ne a kowane layi. Idan an cire maka kuɗi a kan abin da ba ka nema ba, ka fara kai ƙara ga kamfanin layinka ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kira NCC a 622 ka ba su wannan lamba.